Ranar da Ɗanliti Ƙyaure Ya Koma Raga

Tun Ma'u tana ƙarama take jin labarin cewa mahaifinta, Malam Ɗanliti, ya taɓa zama golan da ba a yi irinsa a Ƙofar 'Yandaka ba. Shi da kansa yake ba da labarin, yawanci bayan la'asar, yana zaune a ƙofar shagonsa na gyaran keken ɗinki, hannuwansa duk baƙin mai. Ya ce a zamaninsu har laƙabi aka yi masa, ana ce masa Ƙyaure, don in ya tsaya a raga to an rufe gida ke nan. Sai dai babu shaida. Hoto guda ne ya rage na ƙungiyarsu, Tauraron 'Yandaka, yana rataye a zaure, ya koɗe don tsufa, kuma mai hoton ya yanke shi a gefe, ba abin da ya fito nasa sai kafaɗa da kunne ɗaya. In baƙo ya zo sai ya ɗora yatsa a kan kunnen ya ce, "Ka gan ni nan." Inna Hajara, mahaifiyar Ma'u, in ta jiyo shi daga tsakar gida sai ta ce, "Kunnen dai kam naka ne, Malam, ba mu musa ba."

Sunan mahaifiyarsa aka sa wa Ma'u, saboda haka bai taɓa kama sunanta ba, "Uwata" yake ce mata. Ita ce autarsa, kuma ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa ba ta gajiya da labarin ƙwallon.

Ɗaukar hoto kuwa da waya ta fara, lokacin tana karatun aikin jarida. Wata malamarsu da ta ga tana da ido ta bar mata tsohuwar kyamararta da za ta koma garinsu. Ba a daɗe ba Ma'u ta zama ita ake nema a gidajen biki da suna da walimar sauka, musamman can cikin gida inda mata ke son su saki jiki ba namiji a kansu. Ranar da ba ta da aiki sai ta sa hijabinta, ta rataya kyamara, ta shiga gari. Ta ɗauki hasumiyar Gobarau da sassafe, rana ta taɓa samanta, ƙasanta yana cikin inuwa. Ta ɗauki wata tsohuwa mai tuyar waina da hayaƙi ya sa take runtse ido ɗaya, da 'yan acaɓa sun miƙe a kan baburansu a gindin dalbejiya suna jiran fasinja. Ta taɓa bin wata ƙawarta har madatsar ruwa ta Jibiya, ta dawo da hotunan masunta suna gyaran koma. Abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne fuskar mutum. Sai ta zauna tana jan ka da hira, tana tambayarka garinku da yaranka, har ka manta da kyamarar, sannan ta danna.

Da wasu a unguwa suka fara 'yan ƙananan maganganu, wai ɗiya mace tana yawo lungu-lungu da kyamara, Malam Ɗanliti bai tanka musu ba. Sai ya ɗauki igiyar kyamarar da ta fara tsinkewa, ya samo fata mai kyau wurin dukawa, ya zauna a ƙofar shago inda kowa ke gani ya ɗinka mata sabuwa. Duk wanda ya tsaya ya tambaya sai ya ce, "Ta ɗiyata ce. Idona ta gado."

A tsakiyar wata damina Allah Ya yi wa Malam Yahaya rasuwa, wanda shi ne ke tsaron baya a ƙungiyar tasu ta da. A wurin zaman makoki tsofaffin 'yan wasan suka haɗu kan tabarma ɗaya, wasunsu sun yi shekaru ba su sa juna a ido ba. Suka yi ta lissafo sunaye, suka ga yawancinsu sai dai a ce Allah Ya jiƙansu. Alhaji Sagiru, kyaftin ɗinsu na da, wanda yanzu yake da shagon atamfa a babbar kasuwa da tumbin da ke riga shi shiga ɗaki, ya numfasa ya ce, "Jama'a, mu ba mu haɗuwa sai an yi mutuwa? Mu haɗu mana sau guda kowa na da ranshi." Nan take aka yanke shawarar a buga wasa ɗaya da tsofaffin Batagarawa, abokan hamayyarsu tun suna samari.

Da yamma Malam Ɗanliti ya shigo gida da labarin. Inna Hajara na tuƙa tuwo, Ma'u na yanka kuɓewa.

"Ƙwallo?" Inna ta ce, ta tsaya da muciya a hannu. "Kai da in ka taso daga sujada gwiwarka har ƙara take yi?"

"Gola ba ya gudu, Hajara. Tsayuwa ce kurum."

"To in ka hwaɗi wa zai ɗaga ka?"

"Ba ga Uwata nan ba?" Ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna kusa da Ma'u. "Uwata, abu guda nike so ki yi mani. Ki ɗauke ni ina cikin iska, na kama ƙwallo. Guda ɗaya tak. In na samu wannan, ko ban ƙara taɓa ƙwallo ba har in koma ga Allah, shi ke nan."

Da murmushi ya faɗa, amma Ma'u ta san fuskar mahaifinta, ta ga ba wasa a ciki. Ta ce, "In Allah Ya yarda, Baba."

Ta amsa ne kawai, amma ba ta san ko za ta iya ba. Duk abin da ta saba ɗauka, ko dai a tsaye yake, ko yana tafiya a hankali. Amarya ba ta gudu, hasumiya ba ta tsalle. Washegari ta gaya masa gaskiya cewa ba ta taɓa ɗaukar wasa ba, sai ya rufe shago da wuri ya raka ta wani fili a bayan ganuwa inda samarin unguwa ke bugawa bayan la'asar. Ta yi ta dannawa har rana ta yi ja. Da suka duba, ba na kirki ko ɗaya. Wani ƙwallon ya riga ya fita daga hoton, wani ƙafafu ne kawai sun cakuɗe kamar hayaƙi, wani kuma ƙeyar mutum ce ta cika shi.

"Mi kike kallo in za ki danna?" ya tambaye ta a hanyar komawa.

"Ƙwallon mana, Baba."

"Ai ƙwallo ya hi ki sauri, ya hi ni. Ni da nike raga ba shi nike kallo ba. Ƙahwar da mutum ya dasa a ƙasa nike kallo, ba wadda zai buga da ita ba. Inda babban yatsanta ya nuna, can ƙwallo za shi. Ki gwada ki gani."

Ta gwada. Ta ƙara wa kyamarar sauri yadda aka koya musu a makaranta, ta daina bin ƙwallo da ido, ta koma kallon ƙafa da kafaɗa, ta koyi dannawa tun abin bai faru ba. Da farko samarin suna ta yi mata iyayi, kowa ya samu ƙwallo sai ya waiwayo ya ga ko shi take ɗauka. Da suka saba da ita suka manta, hotuna suka fara fitowa. Ranar da ta kama wani yaro ya tashi sama, ƙwallo na taɓa goshinsa, gumi na watsuwa, Malam Ɗanliti ya karɓi kyamarar ya bi 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu.

Shi ma bai zauna ba. Kullum daga masallacin asuba sai ya zarce ya zaga bayan ganuwa da sassarfa, ya dawo yana haki. Ya aro ƙwallo, ya sa Ma'u tana jefa masa a tsakar gida yana cafewa, kaji na watsewa, har ranar da ƙwallon ya kuɓuce ya kifar da kwanon kamun koko. Inna Hajara ta yi faɗa kamar ta ari baki. Amma ita ce dai ta buɗe tsohuwar adakarta ta zaro rigar golansa ta da, koriya mai dogon hannu, tana warin kafur. Ya sa kai, riga ta zo ƙirji ta tsaya. Ma'u ta juya baya don kada ya ga tana dariya. Inna ta karɓe rigar, ta farke ta gefe da gefe, ta ƙara mata ƙyalle. Ba ta samu kore ba, sai ta sa shuɗi.

Ranar wata Asabar ce, damina ta ja baya, gero ya yi kai. Alhaji Sagiru ya ɗauko bas, aka cika ta da tsofaffi da 'ya'ya da jikoki aka nufi Batagarawa. Inna Hajara ta raka su har zaure tana cewa, "Ku dawo lahiya. Ke 'yar nan, ki sa mashi ido."

Filin wata makarantar firamare ne a gefen gari, dawa ta kewaye shi ta yi tsayi, ciyawa ta yi kore shar. Sai da aka kore awaki kafin a ja layi da toka. Mutane sun taru fiye da yadda aka zata, manoma da suka taso daga gona da fartanya a kafaɗa, 'yan acaɓa, 'yan mata masu tallan dafaffiyar gyaɗa. Aka daɗe ana gaisawa, tsofaffin 'Yandaka da na Batagarawa suna rungumar juna, kowa na yi wa ɗan'uwansa tsiyar furfura da tumbi. Kafin a take wasa suka tsaya a tsakiyar fili suka ɗaga hannu aka yi wa Malam Yahaya da sauran mamatansu addu'a. Ma'u ta ɗauke su a haka, hannuwa a sama, wasu da gajeren wando, wasu sun naɗe ƙafar dogon wando sun cusa cikin safa.

Wasan kansa abin kallo ne. Wani matashin malamin makarantar ne alƙali, kuma kafin ya hura usur sai ya ce, "Baba, a yi haƙuri." Alhaji Sagiru ya yi gudu ɗaya mai kyau a gefen fili, ya tsaya ya dafa gwiwa, ya ɗaga hannu da kansa ya ce a canja shi. Amma duk da nauyin jiki, in ƙwallo ya zo ƙafar wasunsu sai ka ga sun taɓa shi da wani irin taushin ƙafa da ya sa samari 'yan kallo suka daina dariya suka fara tafi. Ma'u tana bin layi tana dannawa, ta ji hannunta ya zauna.

Ba a jima ba aka ci 'Yandaka. Wani ya buga ƙwallo a ƙasa, ba ma da ƙarfi ba, Malam Ɗanliti ya sunkuya a makare, ƙwallon ya bi ta tsakanin ƙafafunsa ya shige raga. Ma'u kuwa ta riga ta danna. Ta leƙa ta ga hoton ya fito tangaran, har da bakinsa a buɗe. Ta yi sauri ta wuce shi. Bayan hutu 'Yandaka suka rama, fili ya ɗauki ihu, aka ci gaba da fafatawa har rana ta kusa faɗuwa.

Ana gab da tashi, wani daga cikin masu tsaron bayan 'Yandaka ya ga ƙwallo ya nufo fuskarsa, ya tuna da tabaraunsa, ya sa hannu biyu ya cafe. Alƙali ya ce, "Baba, a yi haƙuri," ya nuna fenariti.

Wanda ya fito bugawa shi ne Malam Shehu, da ake ce wa Harsashi a zamaninsu. Tsohon direban babbar mota ne da ya koma noma, dogo, siriri, jikinsa duk jijiya, shi kaɗai ne a filin bai tara tumbi ba. Ma'u ta sha jin sunansa a bakin mahaifinta. Ta ruga ta koma bayan raga, ta gefen turke, ta durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ta saita kyamara.

Ta cikin gilashin ta ga mahaifinta ya waiwayo ya duba turakensa. Ya tofa yawu a tafin safar hannunsa ya murza. Ya ranƙwafa, ya buɗe hannuwa, ya ƙanƙance ido. Wata fuska ta gani da ba ta taɓa gani a gida ko a shago ba, babu wasa a cikinta, babu tsufa. Ta danna sau ɗaya. Sannan ta ɗago ido ta dubi Malam Shehu da ya ja da baya ya taho. Ya dasa ƙafa. Babban yatsan ya nuna hagu, can sama, wato gefen gwiwar mahaifinta da ke ciwo. Ta gani, ta kuma san shi ma ya gani.

Sai kawai ta ga mahaifinta ya bar ƙasa. Dattijon da ya ba sittin baya, ƙafafunsa duka biyu a iska, jikinsa ya miƙe sambal, kuma ba abin da ke jiransa a ƙasa sai tsandauri. Ba ta san lokacin da ta saki kyamarar ba.

"Baba!"

Ya sauko a kan kafaɗa, ta ji ƙarar har cikin ƙirjinta. Fili ya kece da sowa, 'yan acaɓa na danna ham, har 'yan Batagarawa na tsalle. Shi kuwa bai tashi ba. Ma'u ta tattare hijabi ta faɗa cikin fili, ta riga kowa isa. Ta same shi kwance a gefe, ya ƙanƙame ƙwallon a ƙirji, ciyawa a gemunsa, yana numfashi da ƙyar, yana dariya, hawaye na bin gefen idonsa.

"Baba, sannu. Ina ke maka ciwo? Baba, yi magana."

"Uwata," ya ce, "kin ɗauka?"

Kyamarar na reto a wuyanta. Ta dube ta, ta dube shi.

"Ban ɗauka ba, Baba."

"Ba ki ɗauka ba?"

"Tsoro na ji."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa a hankali. Ya mayar da ido sama. Kafin ta sake magana jama'a sun rufe su, aka ɗaga shi ana "Ƙyaure! Ƙyaure!", alƙali ya hura tashi, an yi kunnen doki. Alhaji Sagiru ya bi masu waya ɗaya-ɗaya yana tambayar wanda ya kama. Wani sararin sama kawai ya ɗauka da ihu, wani hular na gabansa, wani kuma ya ce shi ma tsalle ya yi ya manta.

A cikin bas ana ta yi masa kirari, yana yi musu murmushi, yana riƙe da kafaɗa. Bai dubi inda Ma'u take ba. Ita kuwa ta jingina kai da taga, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, gonaki na wucewa ba ta ganinsu sosai.

Suka isa gida ana kiran magariba. Aka kira mai ɗori ya duba ya ce ba karaya, targaɗe ne, ya ja hannun ya ɗaure. Inna Hajara ta dafa ruwa ta gasa masa, ta shafa man zafi, tana yi tana mita. Da ta tambayi yadda aka yi sai ya ce, "An yi wasa lahiya," ya juya fuska bango.

Da safe Ma'u ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice ta bayan labule. Ta koma gindin bishiyar zogalen da ke tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma, ta juye hotunan cikin kwamfuta, ba don tana son ganinsu ba. Inna ta gama shara ta zo ta zauna kusa da ita. Ma'u ta gaya mata duk abin da ya faru, murya ƙasa-ƙasa.

"To ai shi ke nan," Inna ta ce. "Nuna mani waɗanda kika samu."

Suka fara bi. Inna ta ga Alhaji Sagiru dafe da gwiwa, harshe a waje, ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ga na addu'a ta ce, "Allah sarki." Da aka zo kan wanda ƙwallo ya bi ta tsakanin ƙafa, Ma'u ta yi saurin wucewa, Inna ta riƙe mata hannu. "Koma baya. Mi na gani?" Ta duba da kyau, ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa.

Sai suka zo kan na ƙarshe. Fuskarsa ta cika hoton, ya ranƙwafa, hasken yamma ya bugi gefen kuncinsa, idanun nan a ƙanƙance, koriyar riga da shuɗin ƙyalle a gefe. Inna ta daina dariya. Ta matso da fuskarta kusa, ta daɗe tana kallo.

"Na san wannan mutumin," ta ce.

"Baba ne mana, Inna."

"Na san Babanki ne. Cewa na yi na taɓa ganin wannan huskar. Ina budurwa, an aike ni kai niƙa, na biyo ta bayan ganuwa na iske ana ƙwallo. Na tsaya bayan raga da ƙwarya bisa kai, wai in ɗan leƙa in wuce. Ya waiwayo ya duba turke, kamar haka ɗin nan. Ban tahi ba sai da aka tashi. Ranar na sha hwaɗa wurin Gwaggo, don ba a yi tuwo da wuri ba." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Shi ya sa da aka ce mani Ɗanliti mai gyaran keke ne ya aiko, ban tsaya tambayar ko wane ne ba. Har yau bai san na taɓa kallon wasanshi ba."

"Wace rana ce?"

Suka waiwaya. Malam Ɗanliti ne tsaye a ƙofar ɗaki, ya ɗage labule da hannu ɗaya, ɗayan a rataye da rawani.

"Au, kana ji?" Inna ta ce, ta kawar da kai kamar yarinya.

"Hajara, wace rana ce? Da su wa muka buga?"

"Ina zan sani? Masu jar riga dai."

"'Yan Rafindaɗi! Ranar da na tare masu fenariti har biyu!"

"Ni dai guda na gani."

"Shekara da shekaru ina ba da labari kina ce mani kunne, ashe kina wurin!"

"To da na hwaɗa maka ai da ba mu ƙara jin kunnenmu ba a gidan nan."

Ya tako a hankali ya zauna a kan tabarmar, yana cije leɓe saboda kafaɗar. Ma'u ta juyo masa da kwamfutar. Ya kalli hoton, ya ja kai baya, ya sake matsowa.

"Haka nike?"

"Haka kake, Baba."

Ya ci gaba da kallon hoton. Kaza ta zo ta tsattsagi gefen tabarma, ba wanda ya kore ta.

"Uwata," ya ce, "jiya na ji haushi, ba zan ɓoye maki ba. Na kwana ina jin shi. Don na san wannan tashin da na yi, ba zan ƙara irinshi ba." Ma'u ta sunkuyar da kai. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan nata. "Amma kin san wani abu? Lokacin da nike sama, duk ihun da hilin nan ya ɗauka ban ji ko ɗaya ba. Muryarki kaɗai na ji. Har na sauko ina cewa a raina, wayyo, na tsorata yarinyar nan. Share hawayenki. A wanke mani wannan, babba, a sa mashi gilashi."

"To, Baba."

"Wancan kuwa da na jiyo uwarki na ma dariya, a goge shi."

"Shi za a hwara wankewa," in ji Inna.

Kafin mako ya zagayo hotunan wasan sun zaga wayoyin mutane. Alhaji Sagiru ya sa an wanke na addu'ar an kai wa iyalan Malam Yahaya, matarsa ta aiko wa Ma'u da turare da godiya. Nasa na haki kuwa ya ce duk wanda ya ƙara tura masa shi ba shi ba shi, amma an gan shi a shago yana nuna wa masu sayen atamfa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Malam Shehu a kan babur, da buhun sabuwar masara ɗaure a baya, ya zo duba mai jiki. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi gida da gona da jiki da sauran gajiya, Malam Shehu ya ce a kira masa mai hoto. Ma'u ta zo ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce samarin Batagarawa za su yi wasan ƙarshe na gasarsu bayan girbi, sun ga aikinta, sun roƙe shi ya roƙi mahaifinta a ba su aronta.

"Sai dai in da ni za a tahi," Malam Ɗanliti ya ce. "Ni ke riƙe mata jaka."

"Ka zo mana. Ka ga yadda ake tsaron raga."

"Kai ne za ka hwaɗa mani tsaron raga? Kai da na tare ka gaban jikokinka?"

"Tausayinka na ji, Ɗanliti. A hankali na tura maka shi. Na ga tsoho na rawar gwiwa, na ce kada in kashe ma mutane uba."

"A hankali? Ƙwallon da in ya samu katanga sai ya huda ta? Dubi kahwaɗata!"

"Ƙasa ce ta buge ka, ba ƙwallona ba."

Suka juyo gaba ɗaya wurin Ma'u, kowa na nuna ta da hannu, wai ita ce ta fi kowa kusa, ta raba gardama.

"Wallahi ni ban ga ƙwallo ba," ta ce. "Baba kawai na gani."

Malam Shehu ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce to tunda ba shaida, ba abin da zai raba su sai a sake bugawa, in an gama girbi, kafaɗa ta warke.

"Ba inda za shi!" Muryar Inna Hajara ta taso daga tsakar gida, inda take hura gawayin gasa masarar. "Malam Shehu, ina gaishe ka, amma ba inda za shi!"

"To, an ji, an bari," Malam Shehu ya amsa da ƙarfi.

Ma'u ta tashi ta ɗauki buhun masarar za ta shiga da shi. Tana kaiwa bakin ƙofa ta waiwaya, ta ga tsofaffin biyu sun rage murya, sun haɗa kai wuri ɗaya, suna shawarar wace Asabar ce ta fi dacewa.